Koyar da Ilmin Sanin Ƙasa ga Yara Kurame: Jawabi ga Malamai da Iyaye a Kafanchan



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne koyar da ilmin sanin ƙasa ga yara kurame. Ilmin sanin ƙasa kuwa shi ne binciken wannan doron da muke takawa, watau duwatsu da ma'adinai, da ƙasar noma, da koguna, da ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, da iska da ruwan sama, da yadda dukkan waɗannan suke sākewa a kwana a tashi. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. A cikin fannonin kimiyya da wuya a sami wanda ya dace da yaron da ba ya ji kamar wannan, domin ilmi ne na ido da hannu, kuma da wuya a sami wurin da ya fi kudancin Jihar Kaduna wadatar kayan koyar da shi. Abin da ya rage mana shi ne harshen da za a koyar da shi, da malamin da ya iya harshen.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA WAJIBI

Da yawa a cikinku kuna tune da ranakun 11 da 12 ga Satumba, 2016, lokacin da ƙasa ta yi girgiza a Kwoi da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Jaba. Bango ya tsage a gidaje, mutane suka fito waje a firgice. Kurman da ke garin ya ji motsin ƙasar a tafin ƙafarsa daidai da yadda kowa ya ji. Amma da aka zo bayani, a rediyo aka yi shi, da lasifika, da bakin maƙwabta, duk ta hanyar kunne. Mai ji ya sami labarin cewa ƙaramar girgiza ce, hankalinsa ya fara kwantawa. Kurma kuwa sai kallon fuskokin mutane, yana ƙoƙarin karanta abin da ya faru a cikinsu.

Haka abin yake ga sauran haɗurran da suka shafi ƙasa. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da hannuwan yara. A 2022 ambaliyar ruwa ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya. A ƙasar Jos akwai tsofaffin ramukan kuza da suka zama kududdufai masu zurfi, waɗanda mai wucewa zai ɗauka tafki ne na wanka. Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa takan fitar da hasashen damina, amma yawancin jama'a da kunne suke karɓarsa. Ashe ke nan yaron da ba ya ji ya fi kowa bukatar ilmin da zai sa ya gane haɗari da idonsa, tun kafin wani ya tuna da shi. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

KURUMTA BA TA TAƁA HANKALI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 430 ne suke fama da rashin ji mai tsanani, miliyan 34 daga cikinsu yara ne, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. A ƙasashenmu na Arewa sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da aka bari ya ruɓe suna cikin manyan dalilai. Waɗannan cututtuka kunne suke lalatawa. Yaro yakan tashi daga jinya da basirarsa yadda take, sai dai ƙofar da ilmi ya saba shiga ta rufe, ya zama dole a buɗe masa wata.

Tarihin kimiyya ya shaida haka. John Goodricke, wani matashi ɗan Ingila wanda ya kurmance tun yana ƙarami, ya yi ta duban wani tauraro mai suna Algol har ya auna lokacin da haskensa yake raguwa ya dawo, aka ba shi babbar lambar yabo ta masana kimiyyar ƙasarsu a 1783, alhali bai cika shekara 20 ba. Leo Lesquereux, mutumin Suwizalan wanda ya rasa jinsa ɗungurungum yana saurayi, ya ƙaura zuwa Amurka a 1848, ya zama jagora wajen nazarin burbushin tsirran da suka rikiɗa suka zama kwal. Da ido da haƙuri suka yi aikinsu.

An daɗe ana tauye kurame saboda wata fahimta maras tushe. A 1880 wani taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya ya yanke shawarar a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta kalmomi. Aka yi shekaru da dama a kan haka, yara suna ɓata ƙuruciyarsu wajen koyon furuci, lissafi da kimiyya suna wuce su. A 1960 wani malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washinton, William Stokoe, ya nuna cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta da ƙa'idojinta. A 2010 kuma taron malaman kurame na duniya, da ya zauna a Bankuba ta ƙasar Kanada, ya yi watsi da waccan shawara ta Milan a fili.

A nan gida, Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma maganar hannun da ake koyarwa a yawancin makarantunmu daga wadda ya zo da ita ta samo asali. Tun kafin zuwansa kurame a ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu ta gado, wadda suke ciniki da hira da ita a kasuwannin Kano da sauran birane. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, a shekarar kuma aka kafa Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta horar da malaman yara masu bukata ta musamman a Oyo. A cikin garin Kaduna akwai makarantar Gwamnatin Jiha ta ilmi na musamman. To, daga Kafanchan ko Kagoro ko Kwoi zuwa Kaduna tafiya ce mai nisa ga ƙaramin yaro, kuma ba kowane uba ne zai iya rabuwa da ɗansa ya kai shi makarantar kwana ba. Saboda haka tilas makarantun da ke kusa da gida su ɗauki nasu kason.

ƘASARKU ITA CE ƊAKIN KARATU

Malamai sukan yi kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje. Kukan gaskiya ne, amma a wannan fanni ku mutanen kudancin Kaduna kuna zaune ne a tsakiyar abin da ɗaliban wasu ƙasashe ke gani a hoto kawai.

Ku dubi duwatsun Kagoro. Narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya huce sannu a hankali, shi ya sa in an fasa shi ake ganin ƙwayoyi daban-daban, wasu farare, wasu jajaye-jajaye, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Masana suna lissafa shi cikin jerin duwatsun da suka faro tun daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, suka ratso Damagaram, suka iso tsaunukan Jos. Na wannan yanki shekarunsu suna tsakanin miliyan 150 da miliyan 200, kuma su ne uwayen kuzar da aka yi ta haƙa a ƙasar nan. A ƙarƙashinsu da gefensu akwai waɗanda suka girme su nesa, masu shekaru kimanin miliyan 600. Sa'an nan akwai baƙin dutse mai nauyi wanda ya kwararo a bisa ƙasa daga duwatsu masu aman wuta, ya huce da sauri, don haka ƙwayoyinsa ba sa ganuwa. A inda irin wannan baƙin dutse ya rududduge ne ake samun safaya a wajen Nisama. Yaro ya riƙe gutsure biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ga mai manyan ƙwayoyi da maras ƙwayoyi, ya riga ya kama darasin da littafi zai cika shafi uku yana bayaninsa.

Ku dubi Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga bisa dutse kusa da garin nan. A can yaro zai ga yadda ruwa ke cin dutse, ya ga tsakuwar da ta mulmule saboda tafiya, ya kwatanta ƙarfin ruwan a watan Agusta da na watan Fabrairu. Daga nan sai a tambaye shi dalilin da ya sa ruwan sama ya fi yawa a Kafanchan bisa Kano. Amsar tana gabansa: iskar damina mai ɗauke da laima tana tasowa daga kudu maso yamma, ta ci karo da tsaunuka, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta.

Ku dubi Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu a kusa da ƙauyen. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka samo a ƙasar Jama'a, ya lura da kamar da ke tsakaninsu, daga nan duniya ta san al'adar Nok. Binciken da masanan Jamus da na Nijeriya suka fara a 2005 ya nuna cewa mafarin wannan al'ada ya kai shekara 3,500 da suka wuce. Mutanen nan sun san yumɓun da ya dace da gini, sun san tamar da ake narkewa a sami ƙarfe. Jikokinsu, masu ji da marasa ji, suna da hakkin sanin abin da ke ƙarƙashin gonakinsu.

Ku dubi gonakin citta na Kachia da Jaba da Kagarko. Manomi ya san ƙasar da citta ke so, mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Wannan sani na manomi shi ne matakin farko na ilmin ƙasar noma, kuma yaro kurma da ke bin ubansa gona ya riga ya taka shi.

YADDA ZA A KOYAR

Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, kuma a wannan aji karin maganar ita ce ƙa'idar aiki. Ga waɗansu hanyoyi da ba sa bukatar kuɗi.

Na farko, a fara da abu, sa'an nan alama, sa'an nan rubutu. A miƙa wa yaro dutsen ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafinsa, ya karce shi da farce, ya karce shi da wuƙa. A ma'aunin taurin ma'adinai da wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, farce yana wajen biyu da rabi, bakin wuƙa wajen biyar da rabi, ƙanƙarar dutse 7, safaya 9, lu'ulu'u 10. Da farce da wuƙa da maganaɗisu yara za su kasa duwatsun garinsu gida-gida. Bayan haka ne za a ba su alamar hannu, a ƙarshe a rubuta sunan a allo.

Na biyu, a cika kwalba da ruwa, a zuba tsakuwa da yashi da laka, a girgiza, a ajiye. Tsakuwa za ta fara kwanciya, yashi ya biyo, laka ta zo daga ƙarshe bayan sa'o'i. Washegari a ƙara wani zubin a kai. Yara da kansu za su gane cewa abin da ke ƙasa ya riga na bisa zuwa, watau ƙa'idar da masana ke karanta tarihin duwatsu da ita.

Na uku, a sami igiya mai tsawon mita 46 ta tsaya a madadin shekarun duniya miliyan 4,600, kowace mita shekara miliyan 100. A ƙulla ƙulli a mita 6 kafin ƙarshe, nan ne tsofaffin duwatsunmu. A ƙulla wani a ƙasa da mita 2 kafin ƙarshe, nan ne duwatsun Kagoro. Zamanin Nok zuwa yau kuwa bai kai kaurin silin gashi ba a bakin igiyar. Yaron da ya taka tsawon igiyar nan da ƙafarsa ba zai manta da ita ba.

Na huɗu, a cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa a kai, ɗaya tsirara, a karkata su, a zuba musu ruwa daidai wa daida. Launin ruwan da ya gangaro daga kowanne ya isa bayani a kan zaizayar ƙasa da amfanin itatuwa. A kuma kafa gwangwanin awon ruwan sama a filin makaranta, yara su riƙa rubuta abin da ya taru kowace safiya har damina ta wuce.

Na biyar, girgizar ƙasa. Yara su ɗora tafin hannu a bisa dogon benci, malami ya bugi ƙarshensa, kowa ya ɗaga hannu sa'ad da motsin ya iso gare shi. Daga nan a nuna musu cewa haka motsi ke tafiya a cikin dutse, cewa kuma akwai na'urorin da ke rubuta shi, irin waɗanda cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi take aiki da su. A koya musu abin yi: nisantar bangon da ya tsage, da fita fili da natsuwa in motsin ya lafa.

Akwai wata ƙa'ida da malami mai ji yakan manta. Yaro mai ji yana iya duban dutse yana sauraron bayani a lokaci guda. Kurma kuwa da ido yake saurare, da ido kuma yake dubawa, ba zai haɗa biyun ba. Don haka malami ya yi bayani, ya dakata, ya bar yara su duba, sa'an nan ya jawo hankalinsu ya ci gaba. Kada ya yi magana yana fuskantar allo. Kada ya tsaya taga na bayansa har fuskarsa ta yi duhu. A jera kujeru kamar jinjirin wata don kowa ya ga hannun kowa. In an fita daji, a haɗa yara biyu-biyu, a kuma yi yarjejeniya kan tuta mai launi wadda ɗaga ta ke nufin kowa ya tsaya inda yake, tun da kira da murya ba zai tsai da yaron da ya doshi bakin rami ba.

MAGANAR KALMOMI DA ALAMU

Babbar wahala ita ce kalmomin fannin. Da yawa daga cikinsu ba su da alamar hannu da aka amince da ita a makarantunmu, sai malami ya koma harhaɗa baƙaƙen Turanci da yatsu, baƙi bayan baƙi. Kafin ya gama kalma mai baƙaƙe goma sha biyu yaro ya gaji, kuma bai ƙaru da ma'ana ba.

Mu da muke aikin fassara mun san wannan matsala, domin Hausa ma ta bi ta kanta. Da jirgi ya iso, babu wanda ya jira ƙamus, mutane suka dubi abin suka ce jirgin ƙasa. A shekarun 1950 Hukumar Hausa ta zauna tana tace irin waɗannan kalmomi don littattafai da jarida. Haka ya kamata a yi wa maganar hannu. A haɗa malamin kimiyya da manyan kurame masu ilmi da ɗalibai, a ajiye abin a gabansu, su ne za su fitar da alamar da ta dace da harshensu. Mai ji kada ya ƙaga alama shi kaɗai ya ɗora musu. Abin da aka amince da shi a ɗauke shi a bidiyon wayar hannu, a aika wa sauran makarantu, don kada yaron Zonkwa ya zo jarrabawa da alamar da tafintan Kaduna bai sani ba. Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa, da sashen ilmi na musamman na Jami'ar Jos, da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, duk suna da rawar da za su taka a nan. Maganar hannu kuma tana da wata baiwa da baki ba shi da ita, domin hannu biyu suna iya nuna shimfiɗar dutse bisa dutse, da lanƙwasarsa, da tsagewarsa, a sarari a gaban ido.

ABIN DA DOKA TA TANADA, DA ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Tun a 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta amince da hakkin yara masu bukata ta musamman. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda ta ba su hakkin ilmi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓarsu da tanadar ma'aikacin da aka horar dominsu, ta ce a sa maganar hannu cikin manhaja, ta kuma nemi a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da aiwatar da ita. Doka dai tana kan takarda, mutane ne za su ɗauke ta su kai aji.

Ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma yaron da ya kai shekara bakwai ba shi da harshen da zai yi tambaya da shi an riga an cuce shi. Ku koyi maganar hannu ko da kaɗan-kaɗan, ku kai shi makaranta da wuri, mace da namiji, ku kuma kai ƙannensa allurar rigakafi. Kada a ce iyakarsa gyaran takalmi ko bara a tasha. Zanen taswira a kwamfuta, aikin safiyo, binciken ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, gwajin ƙasar noma, yankan duwatsu masu daraja da goge su, duk ayyuka ne da ido mai lura ya fi kunne amfani a cikinsu.

Ku shugabannin makarantu, kada a cire kurma daga ajin kimiyya ko na labarin ƙasa da sunan sauƙaƙa masa. Ku iyayenmu sarakuna, ku sa a ƙidaya yaran da ba sa ji a kowace gunduma, domin wanda ba a san da shi ba, ba za a yi masa tanadi ba. Mu ma'aikatan watsa labarai kuma, duk gargaɗin ambaliya ko na gubar ma'adinai da za a fitar, lalle ne ya fito da hoto da rubutu da tafinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina roƙon kowane malami da ke nan, kafin ƙarshen wannan zango, ya tara duwatsu goma daga kewayen garinsa, ya zuba su a kwali, ya kai aji, ya miƙa na farko ga yaron da ba ya ji.

Allah ya taimake mu, ya albarkaci 'ya'yanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.